Asalin Sunan da Muke Kiran 'Yata

Ni mutum ne mai son a rubuta wa kowane abu sunansa a jiki. Aikina ne ya mayar da ni haka. Na fi shekara goma ina ɗakin gwajin jini a wani asibiti a Jidda, kuma a wurinmu kwalbar da ba a san daga inda ta fito ba, shara ake jefa ta, ko jinin wane ne a ciki. To, irina ne aka kawo wa suna daga Wales, aka ce in riƙa kiran 'yata da shi.

Ba zan rubuta sunan a nan ba. Mai sunan ta girma har ta shiga makaranta, ba na son wata rana ta buɗe littafi ta tarar ubanta ya baje ta a kasuwa. Abin da zan iya faɗa shi ne gajere ne, gaɓa biyu, kuma ranar da na fara jin sa ban taɓa jin mai kama da shi ba, ko a Funtuwa inda aka haife ni, ko a nan.

Sunanta na yanka ba shi da gardama. Tun da aka ce mana mace ce, na ce sunan Inna za a sa, wato mahaifiyata. Inna ta rasu shekara ɗaya da 'yan watanni kafin haihuwar, kuma ban ga gawarta ba. Labarin ya same ni iƙamata, wato takardar izinin zama, tana wurin kafili, wanda ya ɗauke ni aiki, ana sabuntawa, kafin takardar fita ta fito har an yi sadakar bakwai. Na isa na tarar da kabari, ƙanena ya nuna mini da yatsa. Abin nan ya tsaya mini a rai, ban kuma taɓa gaya wa kowa yadda ya tsaya ba. Sai na ƙudurta cewa in Allah ya ba ni 'ya mace, zan mayar da sunan Inna cikin gidana.

Amma kowa ya san yadda abin yake a wurinmu. Ka sa wa yarinya sunan uwarka, sannan daga kai har matarka ba mai iya buɗe baki ya kira ta da shi. Dole a nemo sunan alkunya da za a riƙa kiranta. Ni na riga na shirya nawa: Ummi, ko Mama, ko Hajiya. Duk Bahaushen da ya ji ana kiran 'yar mitsitsiyar yarinya da Ummi, ya san akwai babba a bayan sunan. Abin da nake so ke nan. Ina son duk lokacin da aka kira yarinyar nan a tuna da Inna.

Matata haihuwar Waziriyya ce, wata unguwa a nan Jidda. Kakan babanta ne ya taho aikin hajji a ƙasa, ya zauna bai koma ba. Tana jin Hausa tas, har baƙar magana tana ganewa, amma in za ta mayar sai ta fara da Hausa ta ƙarasa da Larabci. Ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Inna kuwa ta san ta ne sosai lokacin da ta zo umara ta zauna da mu wata biyu a gidanmu na unguwar Bagdadiyya. Ni da safe nake fita, sai la'asar sakaliya nake dawowa. Nakan tarar da su a kicin suna dariya, ina shiga sai dariyar ta ɗauke, Inna ta gyara mayafi ta kalli wani wuri. Ban ɗauki wannan wani abu ba, domin ni ne ɗan farinta. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi maganata sai ta ce “wannan” ko “shi”. Hirarmu ba ta wuce gaisuwa da an lafiya, sai Allah ya yi albarka.

Washegarin haihuwa na shiga ɗakin da aka kwantar da matata. Aiki aka yi mata, tana kwance a galabaice, jaririyar tana gefenta. Na zauna na ce to, Ummi za mu ce ko Mama?

Ta girgiza kai. Ta ce, “La. Na samu nawa.” Sai ta faɗi sunan.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na tambaye ta ko Larabci ne, ta ce a'a. Turkanci? A'a. Ta ce a waya ta gani, na mutanen Wales ne. Ni Wales ban san ta ba sai a wasan ƙwallo. Na ce, “To mene ne ma'anarsa?”

Ta kalle ni tana murmushi, irin murmushin wanda ya ɓoye maka kyauta a baya. Ta ce, “Ruwa. Yani abin da Larabawa ke cewa matar, ruwan sama.”

Ta ci gaba da kallona, a fili take tana jiran wani abu daga gare ni. Ni kuma na rasa abin da ake jira. Na ce, “Ruwan sama kuma? A Jidda? Garin da ake shekara ba a ga hadari ba? Mu me ya haɗa mu da ruwan sama?”

Murmushin ya tafi. Ta juya fuskarta wajen bango ta ce, “Khalas, na gaji.” Na fita kaina a ɗaure. Na ce wa kaina zafin aiki ne da magani, zuwa gobe za ta manta.

Ba ta manta ba. Da aka sallame ta aka kai ta gidan iyayenta a Waziriyya domin wankan jego, kafin in je da yamma sunan ya riga ni isa. Yayyenta mata suna ta kiran jaririyar da shi, kowa da yadda take lanƙwasa shi a baki. Raina ya ɓaci ƙwarai. A ganina an ɗauki sunan Inna an tura ƙarƙashin gado, an ɗora wani baƙo a kai. Na san yadda sunan alkunya yake cinye sunan yanka. Ina da abokin da sai ranar ɗaurin aurensa na ji sunansa na gaskiya. In wannan baƙon suna ya zauna, nan da shekara biyar ba mai tuna cewa yarinyar takwarar Inna ce, sai dai a gani a fasfo.

Ba ni kaɗai abin ya dama ba. Surukina tela ne, yana da shago a kasuwar Bab Makka inda yake ɗinka dogayen riguna. Dattijo ne mai sanyin magana, amma in ya kafe ya kafe. Rana ta uku ya aiko a ce yana nema na. Na same shi da igiyar awo a wuya, ya sa aka kawo mini shayi, ya ce, “Likita, ta'al, zauna.” Ya san ni ba likita ba ne, amma a wurinsa duk mai farar riga a asibiti likita ne.

Na ce, “Baba, ga ni.”

Ya ce, “Sunan nan da ake kiran jikata. Kai ka kawo?”

Na ce wallahi ba ni ba ne.

Ya ce, “Tayyib. Ni ban ce haram ba, ban ce halal ba, domin ban san shi ba. Abu uku nake so. Mene ne ma'anarsa, harshen su wane ne, kuma wa ya fara amsa shi. Kada jikata ta shekara sittin tana amsa sunan gunki ba mu sani ba. Kai mai karatu ne. Ka samo mini kafin ranar suna. In ba a samu ba, halas, a gidana ba a kiranta da shi.”

Zan faɗi gaskiya: na fito shagon nan da daɗi a raina. Na samu mai goya mini baya, kuma an ba ni aikin da na iya, wato bincike. Na tabbata zan gano wani aibu a jikin sunan, in kai wa dattijo, shi ke nan magana ta ƙare ba tare da na yi faɗa da mai jego ba. Ba na alfahari da wannan tunani, amma shi na yi.

Da na buɗe waya sai ɗaurin kai ya fara. Shafi na farko ya ce ma'anar sunan ruwan sama mai albarka. Na ce to, ga ɗaya. Na biyu ya ce farin ruwan sama. Na uku bai ambaci ruwa ba sam, ya ce sunan wata gimbiya ce a tsohuwar tatsuniyar mutanen can. Na ce ga gunkin Baba ya fito. Na nemi tatsuniyar sama da ƙasa ban same ta ba, kowane shafi yana cewa an ce, ba wanda ya ce shi ya gani. Wani shafin kuma ya ƙara da cewa mai wannan suna za ta kasance mai son tafiye-tafiye, kuma launin da ya dace da ita shuɗi ne. Jaririya kwana uku, ko cibiyarta ba ta faɗi ba, har an zaɓar mata launi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wata jimla da na riƙa gani a wurare da yawa: wai sunan an yi shi ne da salon sunayen Wales. Da salo? To na Wales ne ko ba na Wales ba ne? A wurin aikinmu jini ko na mutum ne ko ba nasa ba ne. Ban taɓa rubuta wa likita cewa wannan jinin an yi shi da salon na wane ba. Na buga shafukan a takarda a wurin aiki, na bi su da jan biro ina ja wa kowace ma'ana layi, na jera su a tebur. Da na gama sai na tarar na fi rikicewa a kan lokacin da na fara.

Rana ta huɗu na tare wani likitan ƙashi Bature a wurin cin abinci, mutumin Birtaniya. Na nuna masa sunan. Ya juya takardar, ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi daga wani yanki yake, kuma mutanen Wales suna da harshensu daban wanda shi ba ya jin ko kalma ɗaya. Wannan ya zo mini a ba-zata. Ni duk zatona Turanci suke yi gaba ɗaya. Ya ce amma akwai wata mata a sashen gashin ƙashi, a hawa na uku, haihuwar can ce, in je in same ta.

Sai rana ta biyar na same ta, farar dattijuwa mai gajeren gashi, tana koya wa wani mutum taka ƙafa. Na jira ta gama. Da na miƙa mata takardar ta karanta sunan a fili, yadda ta faɗe shi bai yi kama da yadda matata take faɗa ba, bai kuma yi kama da na yayyenta ba. Ta yi dariya, amma ba ta raini ba. Ta ce rabin farko kalmarsu ce ta ruwan sama, kalmar yau da kullum, wadda suka fi kowace faɗa domin a garinsu ruwa ba ya ɗaukewa. Rabin ƙarshe kuma wani ɗan ƙari ne da suke liƙa wa sunayen mata, yana nufin fara, ko mai tsarki, ko mai albarka, duk wanda ka ga dama.

Na ce, “To gimbiyar fa?”

Ta ce ita dai ba ta taɓa jin wata gimbiya mai wannan suna ba.

Na ce, “Amma a garinku ana sa wa yara?”

Ta ce ta haura shekara hamsin a duniya ba ta taɓa haɗuwa da mai sunan ba. A ganinta wani ne ya zauna, wataƙila ma ba a Wales ba, ya ɗauko guntu nan guntu can ya haɗa. Ta ce amma ya yi daɗi, kuma ta taya ni murna.

Na sauko daga benen nan ban san ko nasara na yi ba ko faɗuwa. Tambayar Baba ta farko tana da amsa, ta biyu tana da rabin amsa, ta uku ba ta da ko ɗaya. Ba gunki, ba gimbiya, ba kowa. Ni da na fita neman aibu, na dawo da suna wanda ba shi da uwa ba shi da uba. Kuma da na yi tunani sai na ga wannan ya fi mini ciwo. Da a ce sunan wata babbar mace ce a ƙasarsu, da na ce an musanya Inna da wata. Amma a ajiye sunan Inna a ɗauko abin da ba kowa a bayansa?

Da wannan zafin na shiga mota bayan la'asar na nufi Waziriyya. Gidan cike yake da mata 'yan barka, ƙamshin gahawa da turaren wuta ko'ina, ana ta Larabci da Hausa a haɗe. Surukata ta ga fuskata, ta fitar da kowa daga ɗakin mai jego, ta ja ƙofa. Matata tana zaune a bakin gado da kofin kunu a hannu. Na zaro takarduna daga aljihu, har da masu jan biro, na fara yi mata bayani kamar ina gaban kwamiti. Ta bar ni na gama.

Na ce, “Kin gani? Ba shi da asali. Wani ne ya ƙirƙira. Ni ban hana ki son abin zamani ba, amma sunan Inna ne a kan yarinyar nan. In mun ce Ummi, kowa ya san da ita. Wannan me yake nunawa? Ko dai ba ki son a tuna da ita ne?”

Maganar ƙarshen nan tana fita na san na yi ɓarna. Ta ajiye kofin a hankali. Idonta ya ciko. Ta ce, “Ni? Ni ce ba na son a tuna da Hajiya?” Haka take kiran Inna.



Ta ce, “Kowane gida a Waziriyya akwai Ummi. Wace Ummi? Uwar wa? Ni ina son Hajiya ita kanta. Na ce maka ruwa tun a mustashfa, ina kan gadon asibiti, ka ce me ya haɗa mu da ruwa. Wallah na yi kuka ranar. Na ce mutumin nan har ya manta da uwarsa.”

Na ce, “Tsaya. Me ya haɗa Inna da ruwa?”

Ta zuba mini ido. Ta daɗe tana kallona, na ga fushin yana sauka daga fuskarta, mamaki yana hawa. Ta ce, “Kai ba ka sani ba? Sunanta fa. Ba na takarda ba, wanda babanta yake kiranta da shi.”

Na ce ban san Inna tana da wani suna ba bayan na yanka.

Ta ce, “Ya Allah.” Ta rufe baki da hannu.

Sai ta ba ni labari. Lokacin da Inna take gidanmu, an yi wata rana da aka tafka ruwa a Jidda. Na tuna ranar sarai, domin na yi awa uku a mota tsakanin asibiti da gida, tituna sun zama kogi, ina ta tsaki. Matata ta ce a daidai lokacin ita tana ta rufe tagogi tana tura tsumma a ƙarƙashin ƙofa, sai ta nemi Inna ta rasa. Ta same ta a baranda, ta cire takalmi, ta miƙa tafin hannu waje, ruwa yana dukan fuskarta tana dariya. Ta ce mata Hajiya ki shigo kada sanyi ya kama ki. Inna ta ce ai ita da ruwa ba sa faɗa, a tsakiyar marka aka haife ta, an kwana bakwai ana yi ba ɗaukewa, har katangar gidansu ta faɗi. Shi ya sa babanta bai taɓa kiranta da sunan yanka ba, da sunan ruwan nan yake kiranta har ya rasu tana budurwa. Inna ta ce tunda aka kai ta gidan miji ba wanda ya sake kiranta da shi, kuma wani lokaci in ana ruwa takan ji kamar za a kira.

Na ce, “To me ya sa ba ki faɗa mini sunan ba tun a asibiti?”

Ta ce, “In faɗa? Da bakina? Hajiya ce ta koya mini. Mu a nan ba mu damu sosai ba, amma ita ta ce a garinku suruka ba ta kama sunan uwar miji, aibu ne. Na yi mata alkawari. To na takarda ba na faɗa, wannan ma nata ne, kaif, yaya zan faɗa? Sai na nemi wani suna mai ma'anar ruwa. Na Larabci mai kyau 'yar yayata ta riga ta ɗauka, sauran na maza ne. Na yi ta nema a waya har na ga wannan, ya zauna mini a baki. Na ce kana ji za ka gane. Kai ne ɗanta.”

Na zauna a kan kujerar roba da ke gefen gado, takarduna a hannu. Kaina ya ƙara ɗaurewa, amma ta wata fuska daban. Matar da ba ta taɓa ganin marka ba, ba ta san yadda katangar ƙasa take jiƙa ta zube ba, ita ce take riƙe da wannan. Ni da aka haifa a ɗakin Inna ban sani ba. Kuma ba wanda ya yi laifi. Inna ta yi mini kunyar ɗan fari yadda aka koya mata, ni kuma na tsaya inda aka ajiye ni, ban taɓa matsawa kusa na tambaye ta ko da yadda ta yi ƙuruciya ba. Na ɗauka lokaci yana nan.

Halina bai bar ni ba duk da haka. Sai da na nemi shaida. Na fita tsakar gida na kira ƙanwar Inna a Funtuwa. Bayan gaisuwa da barka na ce, “Iya, wai da wane suna kakanmu yake kiran Inna tana yarinya?”

Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. Ta ce, “Kai, wa ya tono maka wannan?” Sai ta faɗi sunan. Suna ne da na sani tun ina yaro, na sha jin sa a kan wasu tsofaffi a unguwarmu, ban taɓa kawo wa raina cewa na uwata ba ne. Ta maimaita shi sau biyu, a hankali, kamar tana kiran mai shi daga wani ɗaki. Ta ce rabon da ta faɗe shi tun suna 'yan mata. Na jingina da bango na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba. Wata daga cikin matan da ke falo ta rage ƙarar talabijin.

Washegari, jajibirin suna, na koma Bab Makka. Surukina yana yanka wani farin yadi. Bai ɗago ba ya ce, “Likita, ka samo?”

Na ce, “Na samo, Baba. Ma'anarsa ruwan sama mai albarka. Kalmomin na mutanen Wales ne, amma su ma ba su san sunan ba.”

Ya ajiye almakashi. Ya ce, “Ajib. Suna na mutane, mutanen ba su san shi ba? To wa ya fara amsa shi?”

Na buɗe baki in ce ba kowa, domin abin da bincikena ya nuna ke nan. Sai na ji na ce, “Mahaifiyata.”

Ya kalle ni ta saman tabarau. Na ba shi labarin baranda, da marka, da katangar da ta faɗi, da alkawarin da 'yarsa ta yi. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya daɗe yana shafa yadin da tafin hannu. Sannan ya ce, “Ni dai ban gane yadda suna zai tashi daga Funtuwa ya bi ta ƙasar Turawa kafin ya iso Waziriyya ba. Amma kakana ma ba ta miƙaƙƙiyar hanya ya zo ba. Allah ya jiƙan Hajiya. Yalla, je ka ga mai rago.”

Aka yi suna, aka raɗa mata sunan Inna. Ɗayan kuma ya zauna, har yau da shi ake kiranta. Ban daina rikicewa a kansa ba. Matata tana faɗar sa iri ɗaya, surukina iri ɗaya, 'yan Funtuwa a waya sun mayar da shi wani abu dabam, kuma na san ba ko ɗayanmu da yake faɗa yadda dattijuwar hawa na uku ta faɗa. In abokan aiki suka tambaye ni daga ina sunan yake, nakan tsaya ina lissafin ta inda zan fara, yawanci sai in ce labarin da tsawo.

Ni ne na ƙarshe da ya fara kiranta da shi a gidan. Na yi makonni ina cewa “yarinyar nan” ko “ita”, har matata ta ce mini, “Ka ga, haka Hajiya take yi maka.” Ban ce komai ba. Na je bakin gadon jaririyar, na sunkuya, na kira ta.